Yadda Ɗan Kasuwa Zai Adana Takardunsa Cikin PDF, A Waya Ko A Kwamfuta

 Wannan mako mun ɗan matse shafin farashi domin mu sami filin yin bayani a kan wani abu da aka dame mu da tambayarsa, watau abin nan da yara ke kira PDF. Ana faɗinsa Fi-Di-Ef. Kullum sai ka ji an ce da dattijo, "Alhaji, turo mini ta PDF," shi kuwa sai ya miƙa wa yaron shago waya, bai san abin da aka yi da sunansa ba.

Abin da ya tunzura mu shi ne wani dillalin riɗi da ya same mu kwanan baya ransa a ɓace. Ya yi ciniki da wani mai saye na Ikko, mota guda, suka daidaita kuɗin tan, mutumin ya rubuto masa a WhatsApp. Dillali ya karanta, ya ce madalla, ya jefa waya aljihu, ya tafi ya sa aka fara lodi. Da kaya suka sauka can, sai kuɗi suka shigo da giɓi. Ya buɗe waya don ya nuna wa mutumin maganarsa, sai ya tarar adadin da ke rubuce ba shi ne ya gani da idonsa ba. A gefen saƙon ga wata 'yar kalma da Turanci mai nuna an yi gyara, amma ba ta faɗin abin da ke wurin da farko. Ashe tun shekarar 1923 ba mu ce ba, tun 2023 dai, WhatsApp ya ba mai aika saƙo damar gyara shi cikin minti 15 na farko. Mai kaya kuwa ba ruwansa da wannan labari, kuɗinsa yake so cif. Ƙarshenta la'adar dillali ta tafi, har ya cika da na aljihunsa.

Muka tambaye shi, me ya hana ka ce ya rubuto maka takardar ciniki? Ya ce ai ya rubuto. Muka ce a'a, saƙo ya rubuto, takarda daban.

Mu dai mun taso mun tarar iyayenmu ba sa wasa da takarda. Akwai littafin bashi mai baƙin bango, akwai littafin rasit mai takardar kabon a tsakani, ka rubuta ɗaya ta fito biyu, mai saye ya tafi da ta sama, ta ƙasa ta zauna a shago. Akwai ƙusar nan da ake kafawa a katako ana soke rasit a kai har ya yi tsibi. Kuma ba boko ne ya koya mana wannan ba, domin ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To, yanzu ciniki ya koma cikin waya, amma an bar takardar kabon a baya. PDF ita ce ta maye gurbinta, ko da yake ba ta kowace fuska ba, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Mene ne shi PDF ɗin? Wani irin fayil ne, watau takarda wadda ke zaune cikin waya ko kwamfuta. Haruffan uku gajarta wani suna ne na Turanci mai nufin takardar da za ka ɗauka ka kai ko'ina. Wani kamfani na Amurka mai suna Adobe ya fito da shi a shekarar 1993, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, John Warnock, shi ya kawo shawarar. Damuwarsu a lokacin ita ce, mutum zai tsara takarda a kwamfutarsa, ya aika wa wani, sai ta buɗe can a hargitse, layi ya hau kan layi, lissafin da ke gaban shinkafa ya koma gaban sukari. Sai suka nemi hanyar da za a daskarar da takarda yadda mai ita ya tsara ta, duk na'urar da ta buɗe ta ta ga abu guda, in an buga ta a firinta ma ta fito haka. A shekarar 2008 aka mai da tsarin ya zama ƙa'idar duniya ƙarƙashin hukumar ISO, ya fita daga zama mallakar kamfani ɗaya. Shi ya sa yau kowace waya mai shafawa tana iya yin PDF, tana iya buɗe shi, ba sai ka sayi kome ba, ba kuma sai ka biya kowa ba.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu mu masu ajami musamman, kuma mun sha wahalarsa kafin mu gane. In aka buga ajami a kwamfuta aka aika shi a matsayin saƙo, wayar mai karɓa ce ke zaɓen irin hannun da za ta nuna shi da shi. In ba ta san wani baƙi ba, irin waɗanda Hausa ta ƙara a kan na Larabci, sai ta sa wani ɗan akwati fanko a wurinsa. Wani lokaci ɗigon imala ya ɓace, ko fa mai ɗigo a ƙasa irin ta Warshu ta ƙi fitowa. Kowa ya san a ajami ɗigo guda na iya mai da wata kalma wata. Amma PDF yakan ɗauki siffar baƙaƙen ya tafi da su a cikinsa, kamar bafataken da ya ɗauki guzurinsa, bai dogara da abin da zai tarar a masauki ba. Akwai ma wani hannun kwamfuta mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta tsara bisa irin rubutun Kano, kuma kyauta ake samunsa. In ka buga da shi ka mai da takardar PDF, wanda ke Agadas ko Kumasi zai gan ta kamar yadda ka gan ta, ko da wayarsa ba ta taɓa jin labarin wannan hannu ba.

To, bari mu zo kan yadda ake yi. Za mu rubuta sunayen maɓallan da boko kamar yadda suke fitowa a fuskar waya, domin ko wanda bai iya Turanci ba ya gane su da ido. Sirrin abin duka guda ne, wanda ya riƙe shi ya gama: ka yi kamar za ka buga takardar a firinta, sai a wurin zaɓen firinta ka ce a ajiye ta PDF. Shi ke nan.

Mu fara da wayar Android, tunda ita ce a hannun yawancinmu, su Tecno da Itel da Infinix da Samsung. A ce ka buɗe wani shafi a Chrome, misali shafin Babban Bankin Nijeriya inda ake nuna canjin kuɗi na ranar, kana so ka riƙe shi. Duba sama ta hannun dama, za ka ga ɗigo uku a jere, ɗaya bisa ɗaya. Taɓa su, ka zaɓi Share. Cikin abubuwan da za su fito nemi Print, yana da hoton firinta, in ba ka gan shi ba ja layin gefe. Da ka taɓa, shafin zai fito a siffar takarda. Can sama akwai wurin zaɓen firinta, taɓa shi ka ɗauki Save as PDF. Daga nan za ka ga wani ɗan da'ira mai rubutun PDF da kibiya, taɓa shi. Waya za ta tambaye ka inda za ta ajiye da sunan da za ta sa, ka rubuta suna, ka taɓa Save. Wannan hanya tana cikin Android tun 2013, saboda haka ko tsohuwar waya ce tana da ita. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni waɗanda wayoyinsu ke Faransanci, wurin Share za su ga Partager, wurin Print su ga Imprimer, sa'an nan Enregistrer au format PDF. Aikin ɗaya ne.

Masu iPhone kuwa, a Safari ka taɓa ɗan akwatin nan mai kibiya ta kallon sama, ka taɓa Options kusa da sunan shafin, ka zaɓi PDF, kana ka ce Save to Files. Akwai wata hanyar kuma: ka ɗauki hoton fuskar waya yadda ka saba, ka taɓa hoton kafin ya ɓace, ka zaɓi Full Page, sai ta ɗauke shafin tun daga kai har ƙafa.

A kwamfuta ya fi sauƙi. Danna Ctrl da P tare, in Mac ce Command da P. Wurin sunan firinta ka zaɓi Save as PDF, ko Microsoft Print to PDF wanda ke zuwa cikin Windows tun fitowar Windows 10 a 2015. Wanda ya tsara takardar farashi ko ta ciniki a Word ko Excel, yana iya shiga Save As ya zaɓi PDF cikin jerin. Sai dai masu Excel su lura, in teburin lissafi ya yi faɗi, yakan yanke, sunan kaya ya fito a shafi na ɗaya, kuɗinsu ya faɗa shafi na uku. Kafin ka ajiye, ka kwantar da takardar a kaikaice, ka ce a matse dukan layukan cikin faɗin shafi guda, ka duba da idonka.

Yanzu ga abin da yara ba sa gaya muku, domin su ma ba su damu da shi ba. Shafin intanet ba takarda ba ne, allo ne. Mai shi yana wanke shi ya sake rubutu duk sa'ad da ya ga dama. Farashin da kamfani ya sa da safe, da la'asar ya canza, ba kuwa za ka sami na safen ba. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kowa ya ga yadda canji ke motsi tsakanin hantsi da azahar. Saboda haka in za ka ajiye shafi don ya zama maka hujja, kwanan wata shi ne ransa. A kwamfuta, cikin Chrome, kafin ka ajiye taɓa More settings, ka tabbata akwai alama a gaban Headers and footers. Wannan zai sa a buga ranar da lokacin a saman takardar, adireshin shafin kuma a ƙasa. A waya ba kullum ake samun wannan ba, don haka sai ka sa kwanan watan cikin sunan fayil ɗin da hannunka.

Abu na biyu, shafuka da yawa ba sa sauke hotunansu sai ka gangara ka iso wurinsu. In ka buɗe shafin da ke nuna kalolin atamfa ko shadda ka ajiye nan take, sai ka tarar rabin takardar fari fat. Ka gangara a hankali har ƙarshe tukuna, ka komo sama, kana ka ajiye. Kuma duk abin da ka ajiye, buɗe shi nan take ka karanta. Mun ga wanda ya ajiye takardar kuɗin fito, ya kwana da murna, ranar da ake nemanta a tasha ya buɗe ya tarar talla ce ta rufe adadin.

Wani zai ce, to ni ai hoton fuskar waya nake ɗauka, me ya raba? Ba mu hana ba, da babu gara ba daɗi. Amma hoto iyakarsa abin da fuskar waya ta ɗauka, takarda mai shafi biyar sai ka yi hoto goma sha, su watse cikin hotunan biki da na suna. In ka aika hoto ta WhatsApp kuma yakan matse shi don rage data, ƙananan lambobi su dushe, 3 ta yi kama da 8. PDF kuwa ana aika shi ne a matsayin takarda, ta wurin alamar nan mai kama da ƙugiyar maƙale takardu, ka zaɓi Document, kuma yadda ka aika haka zai isa. Ga shi kuma wanda aka yi daga shafi ko daga Word ana iya neman kalma a cikinsa. Bayanin asusunka na banki na wata shida, ka rubuta sunan mutum, ta kai ka kan layin da ya biya ka.

Mu koma kan dillalinmu na riɗi. Abin da ya kamata ya yi shi ne, da an daidaita, ya ce wa mai saye, rubuto mini takarda da sunanka, da yawan kaya, da kuɗin tan, da wanda zai biya mota da lodi, da ranar biya, ka turo PDF. Ko kuwa shi ya rubuta ya tura, ya ce mutumin ya amsa da bakinsa a saƙon murya cewa ya gani ya yarda. Takardar da aka turo ba a iya gyara cikinta daga cikin hira yadda ake gyara saƙo. Amma fa a kula, mai aikowa yana iya janye ta gaba ɗaya, domin tun 2017 akwai damar goge saƙo daga wayoyin duka biyu, yanzu ma har bayan kamar kwana biyu. Don haka da ta shigo, buɗe ta, ka ajiye kwafi a wani wuri wajen WhatsApp, ko ka tura wa kanka ta imel. Abin da ya fita daga hannunsa ya shiga naka, ba shi da iko da shi kuma.

Sai maganar takardun hannu, wadda a ganinmu ta fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Ana iya ɗaukar takardar da ke hannunka a mai da ita PDF da kyamarar waya. A Android, buɗe Google Drive, za ka ga alamar kyamara ko kalmar Scan. A iPhone yana cikin Notes da Files, Scan Documents. Shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu, a wuri mai haske amma ba cikin tsakar rana ba, kada inuwar hannunka ta faɗa kanta. Waya za ta gane gefunan takardar da kanta, ta miƙe ta, ta fito da rubutun. In shafi da yawa ne ka yi ta ƙarawa, duka su shiga fayil guda. Sai dai a sani, wannan irin hoto ne aka sa wa rigar PDF, in rubutun hannu na ajami ne, na'ura ba za ta nemo maka kalma a cikinsa ba, sai ka karanta da kanka.

Wace takarda za a fara da ita? Mu dai mun ce rasit ɗin POS. 'Yar takardar nan mai santsi ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ke fito da rubutun, kuma zafi ne ke cinye shi. Ka bar ta a aljihu ko a gaban mota cikin watan Afrilu, kafin 'yan makonni ta koma fara kamar ba a taɓa rubutu a kanta ba. Ranar da aka cire maka kuɗi ba su je ba, banki ya ce kawo rasit, sai ka miƙa musu farar takarda. Duk rasit na kuɗi mai nauyi, ɗauke shi ranar da aka ba ka.

Bayan shi sai takardar mallakar shago ko ta haya, da rasit ɗin harajin ƙaramar hukuma, da takardun kwastan, da yarjejeniyar da aka yi gaban shaidu, da littafin bashi kansa, shafi shafi, ko da sau ɗaya a wata. Ba sai mun tuna wa kowa gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba, ko ta babbar kasuwar Katsina a 2021, ko ta kasuwar Monday Market ta Maiduguri a watan Fabrairun 2023. Allah ya kiyaye na gaba, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan kaya, littattafan bashi ma sun ƙone. Mutum yana bin jama'a kuɗin da zai iya tayar da shi, amma ba ya iya tuna wa da wa, nawa da nawa, sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa. Wanda ake bi kuwa, masu binsa nasu littafin yana nan lafiya lau a wani gari.

Amma kada a ɗauka in an sa a waya an gama. Waya ma ana sacewa, tana faɗawa ruwa, tana mutuwa ba sallama. Takardar da ke cikin waya kaɗai, ƙwai ne a baka. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya kyauta a Google Drive har gigabait 15, kuma takardu ba su da nauyi, dubbai za su shiga. In waya ta ɓace, ka sayi wata, ka shiga da adireshinka da kalmar sirri, ka tarar da kayanka. Matsalar ita ce da yawanmu mai gyaran waya ne ko wani yaro ya buɗe mana adireshin, ba mu san shi ba, ba mu san kalmar sirrin ba. Wannan kamar ka gina sito ne ka ba maƙwabci makulli ka manta wane maƙwabci. Yau ɗin nan a zauna da ɗa ko amintaccen yaro, a gano adireshin, a sake kalmar sirri, a rubuta su a takarda da ajami in an so, a ajiye a gida, ba a shago ba.

Sunan fayil kuma kada a bar wa waya ta raɗa, domin takan sa wasu lambobi barkatai. Fara da shekara, sai wata, sai rana, sai kaya da gari, misali 2024-11-05 ridi Ikko. In ka yi haka takardun za su jera kansu bisa kwanan wata. A sunan fayil gara a bar haruffa masu lanƙwasa, wasu na'urorin ba sa karɓarsu.

To, ga gargaɗi, kuma muna roƙo a karanta shi sau biyu. An ce PDF ba ya hargitsewa, ba a ce ba a iya yin jabunsa ba. Akwai manhajoji birjik da ke buɗe shi su canza suna ko adadi, su bar tambarin banki yana ƙyalli. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da aka sake fasalin kuɗi kowa ya koma taransfa dole, 'yan damfara suka gane wannan kasuwa. Mutum zai zo da shiga ta kamala, ya ɗauki turmi ashirin, ya turo maka rasit mai kyau, ya ce netiwok ne ya riƙe, ga motarsa na jira. Rasit ba kuɗi ba ne, ko PDF ne ko hoto ko alat. Kada kaya su bar shago sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Wanda ya yi fushi don ka ce ya dakata, ka ba shi kujera da ruwan sanyi. Haka nan in abokin cinikinka na Dubai ko Gwanzu ya turo takardar kuɗin kaya, ka ga lambar asusun ba wadda ka saba ba ce, kada ka biya sai ka kira shi a lambar da ka sani ka ji muryarsa. Ɓarayi kan shiga imel ɗin mutum su canza lambar asusu kawai, sauran takardar su bar ta yadda take.

Akwai kuma waɗanda ke turo fayil su ce takardar gayyata ce, ko ta tallafin gwamnati, ko ta kayanka da aka tsare. Duba ƙarshen sunan. Na gaskiya yana ƙarewa da pdf. In ka ga apk a ƙarshe, wannan ba takarda ba ce, manhaja ce ke neman shiga wayarka, tana iya karanta saƙonnin banki. Takarda ba ta neman izinin a girka ta. Da ka ga waya ta tambaye ka Install, ka ja da baya ka goge. Ko takardar gaske ce ma, in a cikinta an ce taɓa nan ka sa lambar katinka ko BVN, bar ta.

Kuma ba ma son al'adar nan ta loda takardu a shafukan da ke cewa za su haɗa maka su ko su rage musu nauyi kyauta. Jerin farashi ba kome. Amma takardar NIN, da fasfo, da bayanin asusu, ka miƙa wa wanda ba ka san ko a wace ƙasa yake ba? In dole sai an rage nauyi domin shafin hukuma ya ƙi karɓa, sake ɗaukar takardar baƙi da fari maimakon mai kala, yawanci hakan ya isa. In kuma ka kai shagon kwamfuta a buga maka, tsaya a kansu su goge daga na'urarsu kafin ka fita. Bankuna da dama kan kulle bayanin asusu da lambar sirri kafin su turo, wannan don kare ka aka yi, kada ka ce yaro ya cire.

Game da shari'a, Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta ko waya, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar shaida mai bayyana na'urar da ta fito da ita da cewa tana aiki daidai. Wannan aikin lauya ne. Abin da ya rage naka shi ne kada ka goge asalin saƙon ko imel ɗin da takardar ta zo a ciki don kana da kwafi, kuma kada ka yar da takardar asali mai sa hannu da tambari don ka ɗauke ta a waya. Kwanan watan da ke saman shafin da ka ajiye daga agogon na'urarka ya fito, abokin shari'arka na iya cewa kai ka juya agogon. Shi ya sa muke cewa tura wa kanka ko wa shaida ta imel ranar da abin ya faru, domin wannan lokacin ba daga wayarka yake ba. A gaban shugabannin kasuwa kuwa, inda yawancin rigingimunmu ke ƙarewa, takarda mai kwanan wata da shaidu biyu takan kashe magana kafin a kai ga rantsuwa.

Masu fitar da riɗi da zoɓorodo da citta waje, da masu shigo da kaya ta Form M, su ba sai an gaya musu ba, rabin aikinsu yanzu cikin waɗannan takardu yake. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ma yanzu takardar shaidar rajista a PDF take bayarwa, kai za ka sauke ka buga. Wanda wani ya yi masa rajista, ya karɓi fayil ɗin kansa, kada ya tsaya ga bugaggiyar takarda kaɗai, domin banki ko wani kamfani na iya cewa a turo shi.

Wanda ya gwada ya kasa, ya zo da wayarsa da caji a ciki, a nuna masa sau ɗaya ya yi da hannunsa. Farashin gero da dawa da masara da wake na wannan mako yana shafi na gaba.